Tulun Wake a Ɗakin Hure

Ruwan bana ya sauko mana nan Safana da rana tsaka, ina zaune ina tsince tsakuwa daga cikin gero. Ƙamshin ƙasa ne ya fara shigowa, sannan ɗigon farko ya bugi kwanon rufi. Na kwashe shanyata na shige ɗaki, sai idona ya faɗa kan wata jarka da ke bayan gado tun kaka. Ba tawa ba ce. Irin wake ne a ciki, na wata mata da ake kira Hure, wadda muka yi maƙwabtaka da ita a Zakka tun muna da sauran ƙuruciya. Ɗanta Isiya ne ya kawo mani jarkar a kan mashin daga wajen Tsaskiya, don tun da daji ya lalace ba mai barin iri a rumbun ƙauye hankalinshi ya kwanta.

"Inna ta ce in kawo maki," in ji shi ran nan, bayan mun gama gaisawa. "Ta ce duk ƙasar nan babu inda ta yarda ta ajiye iri sai ɗakin Tabawa. Wai ke ko yunwa za ta kashe ki ba ki buɗe kayan mutane."

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce, Gwaggo."

Na karɓa, don ba a mayar da amana daga bakin ƙofa. Isiya bai san yadda aka yi uwarshi ta san haka game da ni ba. Ni kau na sani.

Shekarar da nake nufi ta daɗe, Isiyan nan mai furfura a gemu lokacin bai jima da sauka daga goyo ba. Ruwa ya ɗauke mana gero na tsakiyar fidda kai. Muka yi ta kallon gabas. Hadari ya haɗu da la'asar ya yi baƙi, iska ta zo ta kwashe shi. Zangarniya ta fito fara fat, ki murza ta a tafin hannu ba ki samun komai sai ƙaiƙayi. Abin da maigidana ya ɗaure a gonarshi bai rufe gindin rumbu ba. Ya hau ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya sauko ya ce in riƙa auna garin tuwo da ƙaramin ƙoƙo.

Ni 'yar Darini ce, aure ya kai ni Zakka. Babana yana da wani irin wake da ya gada wurin nashi uban, ban taɓa ganinshi a gonar kowa ba sai tamu. Ƙanana ne farare, kowace ƙwaya da ɗigon ja a bakin idonta kamar an taɓa ta da lalle, shi ya sa muke ce mashi mai lalle. Yana nuna da wuri, tun gero bai isa yanka ba, kuma harawarshi akuya ba ta barin ko kara. A wannan kakar babana ya samu ɗan abin da ya samu a bakin fadama. Da na je gaishe shi ya auno mani rabona a ƙwarya.

"Wannan ba na ci ba ne, Tabawa," ya ce. "Ko me ya same ku, ki kai shi damina."

Na ce to, Baba. Na haɗo da farin yashi daga rafin garinmu cikin wani tsohon buhu, saboda yashin Zakka ja ne, kuma yana da laka.

A lokacin babu maganin ƙwari, babu buhun leda irin na yanzu. Sai ki wanke yashi ki shanya ya bushe ƙayau, ki tankaɗe toka ta yi laushi, ki cuɗa su da waken, ki zuba a tulu kina jijjigawa har kowace ƙwaya ta nutse, ya zama babu gurbin da ƙwaro zai samu ya motsa. Sai ki kwaɓa laka da kashin shanu ki liƙe bakin. Wake bai zama yashi, yashi bai zama wake. Suna nan kwance tare wata da watanni. Ranar da kika buƙata ki juye a rariya mai manyan ido, yashi da toka su zube ƙasa, waken ya tsaya a sama yana kacau-kacau.

Sai dai a shekarar yunwa akwai abin da ya fi ƙwaro ɓarna, shi ne hannun mai tulun. Tsofaffin matan Zakka sun san da haka, shi ya sa suke da wata al'ada. Ki kai tulunki ɗakin aminiyarki, ta kawo nata ɗakinki. Naki in yunwa ta matsa kina iya fasawa ki ce ai nawa ne. Na wata kau amana ce, hannu bai zuwa. Haka muka yi ni da Hure. Ta ɗauko nata a ka ta dire mani a kusurwar ɗaki, na kai nawa bayan gadonta, muka yi dariya, ta ce in ta ji ƙamshin ƙosai daga gidana za ta kai ni gaban mai gari.

Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. In tana daka ina jin taɓaryarta, har ina gane abin da ke cikin turmin, don ƙarar dawa daban ce da ta gero, ta kuka kuma daban. Mace ce mai hannu. Duk abin da ya cakuɗe, in ya shiga ƙwaryar Hure sai ya fito kashi-kashi. Akwai ranar da akuyata ta ture ƙoƙon gishiri, ɗan abin da ya rage mani duk ya bi ƙasa. Na zauna ina hawaye. Ta leƙo ta saman danga.

"Kuka kike kan gishiri?"

"Shi ke nan gare ni, Hure."

"To matsa, uwar kuka."

Ta zagayo, ta share gishirin tare da ƙasar gaba ɗaya, ta zuba a ƙwarya, ta ɗebo ruwa ta kwarara a kai ta dama. Na ce ai kin ƙarasa shi, ɗazu ina ganinshi, yanzu ko ganinshi ba na yi. Ta ce in tsoma yatsa in lasa. Ruwan zau da gishiri. Ta kwance kallabinta ta tace, ƙasar ta tsaya a kallabi, ruwan ya wuce cikin kasko. Ta ɗora a wuta muka zauna muna hira har ya ƙafe, sai ga farin ɓawo ya manne a gindin kasko. Ta kankare shi ta miƙo mani.

"Bai je ko'ina ba," ta ce. "Yana cikin ruwan. Ke dai ba ki da haƙuri ne."

Irin matar da na ba ajiyar mai lalle ke nan.

Rani ya shigo da wuri. Rijiyar unguwa ta ƙafe, muka koma tafki, shi ma ruwanshi ya zama kamar kunu don kauri, shanu na sha ta can muna ɗiba ta nan. Sai mu zuba a randa ya kwana, laka ta kwanta a gindi, da safe mu tsiyaye na sama a hankali mu tace da tsumma. In hannunki ya yi rawa laka ta tashi, kin koma jiran wani yinin. Kanwa ta ƙare, muka koma ruwan toka. Ki ƙone karan gero, ki zuba tokar a tukunya mai huji wadda kika shimfiɗa wa ciyawa, ki zuba ruwa a kai ki tara ƙwarya a ƙasa, ya yi ta ɗiga, ja-ja kamar shayi, mai santsi a hannu. Da shi muke dafa tafasa da yaɗiya, mu zubar da ruwan fari don ɗaci ya tafi. Dusar da a da akuya ake ba, sai mu sake daka ta mu tankaɗe, mu sake dakawa mu sake tankaɗewa, har rariya ta daina ba da komai.

Da rumbu ya yi ƙasa sosai muka shiga tonon gidan tururuwa. Yaran yanzu in na faɗa masu sai su yi dariya, suna zaton tatsuniya ce. Mu fita da sassafe da fartanya da ƙwarya, mu bi layinsu har bakin rami, mu tona, suna cizon mu a ƙafa da hannu har a cinya. A can ƙasa ake samun ajiyarsu, gero da 'ya'yan ciyawa, cakuɗe da ƙasa da matattun tururuwa. In mun dawo gida sai aiki ya fara. A bakace a faifai, mara nauyi ya tashi ya fita. Sauran a zuba a ruwa a rege, ana juya ƙwarya a hankali, hatsi na gangarawa cikin ɗaya ƙwaryar, yashi na kwanciya a gindi. Ni kullum sai an ci karo da ƙasa a tuwona. Na Hure ko ƙwayar yashi ba ki ji a haƙori. Sau da yawa in ta gama nata sai ta ja ƙwaryata ta rege mani, tana yi mani tsiya wai matan Darini hira kawai aka koya masu.

Cikin ranin nan aka aiko mani babana ya rasu. Da na je zaman makoki na tarar 'yan'uwana sun riga sun cinye nasu irin, ban kuma ga laifinsu ba, gidan cike yake da yara. Mai lalle bai rage ko'ina ba sai cikin tuluna da ke ɗakin Hure. Da na dawo ita na fara gaya wa. Ta riƙe hannuna ta ja ni bayan gadonta.

"Ga shi nan, taɓa shi ki ji sanyi."

Na taɓa, na ɗan ɗaga. Da nauyinshi. Daga nan duk sanda kewar babana ta taso sai in zagaya in ɗora hannu a kan tulun, in ɗan ɗaga shi, in dawo gida.

Azumi ya same mu cikin bazara. Zafin da ake yi, tabarma ma ba ta kwantuwa, sai dai mu yayyafa ruwan wanke-wanke a ƙasa mu kwanta a kai. Iska ta tsaya cik. Yawu ya kafe a baki tun hantsi. Mu manya mun saba, don dama azumin muke yi tun kafin watan ya tsaya, abin da ya ƙaru kawai niyya da barin ruwa. Amma ɗiyata Rabi, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta fara ramewa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, ta daina ko kuka. Wata rana na shigo ɗaki na same ta ta rarrafa kusurwa tana lasar lakar bakin tulun Hure. Na ɗauke ta, na jawo tsohuwar tabarma na rufe tulun.

Maigidana ya ga lokacin da na rufe. Da azahar ya shigo ya zauna bakin ƙofa.

"Ko cikin ƙoƙo ɗaya ne," ya ce a hankali. "In Allah ya kai mu kaka sai mu mayar mata har da ƙari."

"Malam, in na fasa nata, da wane ido zan je karɓar nawa?"

"Yarinyar nan fa."

"Ina ganinta."

Ran kasuwa ya ja ɗan akuyarmu zuwa Batsari, ya dawo da 'yar dawa a gindin buhu. Ni kuma na kwana na tashi da tulun nan a ɗakina, ina jin Rabi na numfashi da ƙyar a gefena, na san abin da ke cikinshi, na san dutse ɗaya zai fasa bakin. Ban taɓa ba.

Ana cikin haka wata rana dab da shan ruwa sai ga hannun Hure ta saman danga da ƙoƙo rufe da faifai.

"Karɓi, ki ba yarinyar nan."

Na buɗe, ɗanwake ne, da ɗumi, har da ɗan yaji.

"Hure, ina kika samu wake?"

"Dangin maigida ne suka aiko daga Tsaskiya. Ke dai ci, ki bar bincike."

Ba kullum ba, amma yana zuwa. Yau ɗanwake, jibi alale cikin ganye. In tsakura in kai baki, sauran in dama wa Rabi da ruwan ɗumi in ɗura mata. Kuma ba ni kaɗai ba. Ta aika wa wata tsohuwa makauniya a unguwarmu, ta aika gidan liman. Sunan Hure ya cika Zakka. A bakin tafki zancenta ake, ni ce kuma kan gaba wajen yabo, ina cewa ku ba ku san ta ba, ni da danga ta raba mu ni na san ta. In na sha ruwa sai na ambaci sunanta cikin addu'a kafin na iyayena. Kumburin Rabi ya fara saɓewa, ta tashi zaune, ran sallah har ta taka zuwa ƙofa.

Akwai abin da na ji a kwanakin nan, ba sau ɗaya ba. Da tsakar rana in unguwa ta yi tsit, sai in ji rariya a bayan danga. Yashi na zuba suuu, sannan kacau-kacau. Na san ƙarar nan sarai. Na ce wa kaina waken Tsaskiya ne take gyarawa, su ma can ai da yashi suke ajiya.

Bayan sallah ruwa ya sauka. Wanda bai yi irin wannan ranin ba bai san daɗin ɗigon farko a bayan wuya ba. Muka fito tsakar gida muka tsaya cikinshi da zannuwanmu. Aka shuka gero, ya tsiro, aka yi noman fari da cikin da babu komai sai ganye. Sannan lokacin wake ya yi, don shi a tsakanin kunyoyin gero ake sa shi bayan geron ya ɗan tasa. Na riga na gyara 'yar gayaunata da ke bayan gari, na bar wa mai lalle wurinshi.

Ranar, tun da sassafe Hure ta shigo ta karɓi tulunta. Ta duba bakin, ta ga lakar nan yadda ta liƙa ta, har da wurin da Rabi ta lasa. Ta ce sannu, Tabawa. Na leƙa ta danga na ga mijinta ya ɗora wa jaki tulun a gefe guda, da wani ɗan ƙunshi a ɗaya gefen, ya kama hanyar Tsaskiya, inda za su yi damina a gonar danginshi. Can sai ta kawo mani nawa ta dire, ta ce tana sauri, tana ɗaurin kaya.

Na shimfiɗa buhu, na ɗauko rariya, na yi bisimilla na fasa bakin. Na juye kashin farko na girgiza. Yashi ya zube suuu. Na tsaya ina jiran kacau-kacau. Shiru. Na ce halan waken ya taru a ƙasa. Na ƙara juyewa. Shiru. Na juye har na kife tulun na bubbuga gindinshi, rariya ba ta riƙe komai ba sai ɗan guntun gawayi. Ko ƙwaya ɗaya. Hure ba ta aikin ganganci.

Na cika ƙwarya da yashin na zagaya gidansu. Tana durƙushe tana ɗaure tabarmi.

"Hure, tuluna babu wake."

"Babu wake kamar yaya?" Ba ta ɗago ba.

"Yashi ne zalla."

"To ƙwari ne. Kin san zafin bana. Sun cinye shi ya zama gari."

Na je randarta na ɗebo ruwa, na zuba a ƙwaryar, na dama da hannu, na ajiye tsakaninmu.

"Ke kika koya mani," na ce. "Waken da ƙwari suka ci ɓawo ne, tasowa yake. Su kansu ƙwarin in sun mutu tasowa suke. Bari mu gani."

Muka tsaya mu biyu muna kallon ƙwarya. Toka ta sa ruwan ya yi duhu, 'yan burbushin gawayi suka taso suna zagaye. Shi ke nan. Na tsiyaye ruwan. A gindi ga farin yashin Darini, ga kuma jan yashi mai laka cakuɗe da shi, irin wanda muke tsaye a kai.

"Wannan jan fa? Shi ma ƙwarin ne suka zuba, don in na ɗaga in ji nauyi?"

Sai a lokacin ta ɗago. Na yi zaton kuka za ta yi. Idonta a bushe.

"Rabi ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Da wakena kika ciyar da ni ina yi maki godiya."

"Da na tambaye ki kina yarda? Ke da kika zauna kina kallon ɗiyarki tana lasar laka? Ni ban iya wannan ba, Tabawa. Nawa yaran ma ciki gare su."

"Naki tulun fa? Don me ba ki zo kin ce in ba ki naki ba?"

Ta koma ɗaurin tabarminta.

"To ba ni rabin naki in shuka."

"Ya tafi gona tun da safe, kina gani."

"Mai lalle duka kuka cinye? Kin san babu shi ko'ina."

"Duka," ta ce. "Ko ƙwaya ban rage ba."

A hanyar komawa gida na gane abin da ya sa ba ta taɓa aiko mani da dafaffen wake ba. Kullum sai ta jiƙa shi ta surfe, ɓawo ya fita, jan ɗigon nan ya bi ruwa, sannan ta niƙa. Farin gari bai da kama.

Daminar ta yi kyau, wannan ne abin da ya ƙara mani ciwo. Ruwa kamar ba a taɓa fari ba. Gonar kowa wake ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, tawa gayaunar tsakanin kunyoyi sai ciyawa. Kwanakin nan da mai lalle yake nuna ya riƙe gida kafin gero ya iso, muka yi su da tafasa. Babu harawa, akuyar da ta rage ba ta kai wata daminar ba. Maigidana cewa kawai ya yi in bar ta da Allah. Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki, ni da na cika gari da yabonta? Har muka bar Zakka muka dawo Safana, in an zo zancen shekarar yunwa sai wata ta ce, Allah ya saka wa Hure, ta ciyar da unguwa cikin azumi. In ce amin.

Su ba su dawo Zakka ba, can Tsaskiya suka zauna. Mukan haɗu jefi-jefi wurin rasuwa ko suna, mu gaisa mu tambayi yara, kowa ta nemi wurin zama nesa da 'yar'uwarta. Da shekaru suka tura sai zuciyata ta fara sanyi. In na dubi Rabi da 'ya'yanta sai in ce to, yunwa ce. Ta ci, ta ciyar, ta ji kunya ta yi ƙarya. Da wannan na rarrashi kaina har na tsufa, da wannan kuma na karɓi jarkar daga hannun Isiya.

Sai da aka yi noman fari bana sannan ya dawo ɗaukarta. Ya jingine mashin a ƙofar gida, ya durƙusa, muka gaisa har da tambayar hanya da su wa aka gani a cikinta. Na jawo jarkar, na shimfiɗa buhu, na ɗauko rariya.

"Gwaggo, ai ba sai an buɗe ba."

"Sai an buɗe. Ni ba na mayar da ajiya a rufe."

Ya kwance robar, ya cire ledar bakin. Har yanzu da yashi da toka take haɗawa, yadda muka saba. Ya karkata jarkar, na girgiza. Suuu, sannan kacau-kacau. Na ce mashi ya ji ko, ya ce ya ji, yana dariya. Na hure tokar da ta rufe ƙwayoyin. Idona ya rage gani, sai na ɗebo a tafi na fita da su cikin rana.

Ƙanana, farare, kowace da ɗigon ja a bakin ido.

"Isiya, wannan wane iri ne?"

"Ɗan Hure ke nan, Gwaggo. Duk wajenmu haka ake ce mashi, don Inna ce ta fara kawo shi tun ina ƙarami. Yana nuna da wuri, tun gero bai isa yanka ba. Ga harawa."

"Ina ta samo shi?"

"Gado ne, in ji ta. Wurin babanta."

Baban Hure mahauci ne, ban taɓa jin ya riƙe fartanya ba. Na tsaya cikin ranar nan da wake a hannu, ina ganin jakin nan yana fita daga Zakka, tulu a gefe guda, ɗan ƙunshi a ɗaya gefen. Ashe ta ware na shuka tun kafin ta fara surfe na ci. Ashe sanda nake tsaye gabanta da ƙwaryar yashi ina roƙon rabin nata, mai lalle yana kan hanya.

Isiya ya ce, "Lafiya, Gwaggo?"

Na dube shi. Shi ba ruwanshi, ci kawai ya yi ya girma. Na shiga madafa na ɗauko ƙoƙo, na cika shi har ya yi tozo, na ajiye gefe. Sauran na ce ya mayar cikin jarkarshi.

"Ka gaya wa Hure na ɗiba. Da rana, a gabanka."

"Haba Gwaggo, ko rabi kika ɗiba ai ba komai."

"Ka dai gaya mata. Ka ce Tabawa ta ce mai lalle bai je ko'ina ba."

"Mai lalle kuma?"

"Za ta gane."

Ya ɗaure jarkar a bayan mashin, ya tsaya yana jira ko zan ƙara da gaisuwa. Na ce Allah ya tsare hanya.

Yanzu ba ni da gona, sai ɗan fili tsakanin madafa da katanga inda ruwan wanke-wanke ke bi. Nan na durƙusa da yammacin ranar, da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na bubbuga ramuka da bakin wuƙa na sa ƙwaya bibbiyu. Sauran na wanke yashi na shanya, na tankaɗe toka, na zuba a tulu na liƙe, yana nan bayan gadona inda jarkar ta tashi. Ba zan kai shi ɗakin kowa ba.

Shekaranjiya maƙwabciyata ta shigo aron turmi ta ga tsiron ya buɗe ganye, ta tsaya tana dubawa, ta ce wane irin wake ne wannan.

Na ce mai lalle ne. Na babana.